Allurar Garmaho a Tsafe

A tashar Gusau, motar Tsafe tana jiran cikon fasinja. Wani dattijo ya rungume kwali, yana ta duba agogo. Wani manomi da ke gefensa ya ƙosa.

"Baba, ka matse ni. Sa kwalin nan a but ɗin mota mana."

"Zafi zai lanƙwasa su. Fayafayen garmaho ne, kiɗan jaz."

"To saurin me kake?"

"Allurar garmahona ta karye. Mai gyara ɗaya ya rage a Tsafe, kuma yau zai koma Kano."

"Yaushe rabonka da jin su?"

"Shekara huɗu. Gogewa kawai nake."

Manomin ya miƙo hannu.

"Ni ma irin gerona yana rumbu. Damina uku ban taka gonata ba. Kawo, ɗora a cinyata. Direba, mu tafi mana!"