Mai Jan Murfi

A bencin tashar mota, wani mutum ya dire buhu, kwalabe suka yi ƙara a ciki. Dattijuwar da ke gefensa ta leƙa.

"Malam, ina za ka da kwalabe haka?"

"Inda ake farfasa su a narkar, Inna. Daga yau an gama ajiye kwalba a gidana."

"Subhanallahi! Lafiyayyun kwalabe? Ai wankewa ake yi a zuba wani abin. Ni wadda nake zuba gishiri a ciki ta girmi autana."

"Halin matata ke nan. Mai, zuma, sabulun ruwa, maganin tari, duk a kwalbar lemo, ba rubutu ba komai. Wai da murfi take gane su. Ran nan na ɗura wa injin babur ɗina zuma. Har garejin makanike tururuwa suka raka ni."

"To, ita ta san ka kwaso?"

"Tana kasuwa. Na juye komai a kwanoni na fito."

"Ka ce yau a waje za ka kwana. Ka raba su da murafensu, ita ma yaya za ta gane su?"

Mutumin ya shiga korar ƙudajen da suka yanyame masa kai.

"Ɗaya dai na bari, ta man gashina. Ita kam na gane ta sarai, mai jan murfi ce."

Dattijuwar ta matso ta shinshina, ta ja da baya.

"Ɗan nan, ɗauki buhunka ka koma ka ba ta haƙuri. Man da aka soya kifi ka shafa."