Fim Ɗin da Ya Tafi Gonar Acca

A bakin wani shago a unguwar Dilimi, wani manomi ya tsuguna gaban wani buhun faya-fayan CD yana jujjuya su a rana. Gwadabe mai shagon ya gyara hula, don ya daɗe bai ga mai saye ba.

"Oga, buhun duka nake so."

"Duka? Malam, ka san kaya! Kamfaninmu ne ya buga su, Tauraron Dilimi. Da hayar kaset muka fara. Da CD ya shigo, har Bauchi da Lafiya motocinmu ke kai fim. Ni ne manaja."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ni ne manaja, ni ne maigadi. Waya ta gama da mu. Amma ka fara kallon wannan, na fito a ɗan sanda. Ka dawo ka gaya mini yadda ka gan ni."

"Ai ba ni da abin kallo, Oga. A gonar acca zan rataye su, ƙyallinsu na korar tsuntsaye."

Gwadabe ya ɗaure bakin buhun.

"To, rataya nawa a gaba. Wannan kam zai yi maka aiki. Mutanen gidan kallo guda ya taɓa watsawa a Anguwan Rogo, kowa ya gudu."