Masarar Gefen Rafi

A bencin tasha, wani dattijo ya kasa ɗauke ido daga kwamfutar matar da ke kusa da shi. Taswirar gona ce, an yanka ta fili-fili. Ya yi niyyar yin shiru, bakinsa ya ƙi.

"Malama, gwajin taki ne?"

"Shi ne, Baba. Manhajar lissafin nan ta warwatsa min sabon takin, nan fili ɗaya, can fili ɗaya. Zan gyara, in jera su gefe guda, ma'aikata su huta."

"Ni ma na taɓa yi mata gyara," in ji shi. "Na jera nawa a gefen rafi, inda baƙi ke wucewa. Masara ta yi kyau, har shugaban cibiyar bincikenmu ya ɗauki hoto da ita."

"To ai ka dace."

"Shekara huɗu ina awo. Ranar gabatar da sakamako wani ya tambaye ni, takin ne ya yi aikin ko ruwan rafin?"

"Me ka ce masa?"

"Har na yi ritaya ban ba shi amsa ba."

Matar ta janye hannunta daga kwamfutar.

"Hoton fa, Baba?"

"Yana falo. Matata na nuna wa baƙi."