Ranar Da Muka Je Kallon Malam-Buɗe-Littafi

Ranar Alhamis, ashirin ga Fabrairu, 1992, gari ya waye a Jidda da 'yar iska mai sanyi daga teku, irin wadda ba ta kai wa ƙarfe tara. Tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sa yayarku Ummi ta yi rabin firamare a Jidda rabi a Funtuwa, amsar tana cikin wannan rana. Ku saurara, kuma kada a katse ni.

Sai na ɗan koma baya. Na tafi Jidda a 1981 da takardar aikin jinya. Inna, kakarku, ita ta haɗa kuɗin tafiyar. Shanunta biyu ta sayar ba ta yi shawara da kowa ba. Baban Ummi ya biyo ni bayan shekara guda, ya samu aikin gyaran injuna a Madinar Masana'antu. Muka kama ɗaki biyu a Ruwais, hawa na uku, a gidan wani mutum mai rufe mana ruwa duk ranar da ransa ya ɓaci. In na sauka na yi magana sai ya ce, "Bukra." Gobe ke nan. Ku riƙe kalmar, don a can ita ce amsar kusan komai.

A gidan nan aka haifi Ummi, mai sunan Inna. Tana shekara takwas wasiƙa ta zo daga Funtuwa. Inna ta sa an rubuta mata: a turo mini takwarata ta zauna wurina ko shekara ɗaya ce, kafin ta manta mu, ko ni in tafi.

Wata biyar ban ba da amsa ba. Ina da dalilaina, kuma har yau ban ce na banza ba ne. Makarantar Ummi mai kyau ce, wuta ba ta ɗaukewa, kuma na yi aiki a ɗakin yara na asibiti a gida, na san abin da zazzaɓin damina yake yi. Sau uku ina rubuta "a yi haƙuri", sau uku ina yagawa. Abin da ban so in duba ba shi ne, in na yi wa Ummi Hausa tana ji sarai, amma da Larabci take mayar mini.

Ana cikin haka wani kamfanin magani ya raba mana kalanda a wurin aiki. A shafin Fabrairu akwai hoton wani daji a ƙasar Meziko: malam-buɗe-littafi masu ruwan goro da baƙin gefe sun lulluɓe bishiyoyi har rassa sun sunkuya. An rubuta a ƙasa cewa wurin a killace yake, mutane na kai iyalansu kallo. Ummi ta ga hoton nan, zaman lafiya ya ƙare. Da safe Meziko, da yamma Meziko. Babanta ya ce ta bari jirginsa ya dawo daga wanki.

Sai ga Hala Sa'adiyya, wato Gwaggo a bakin can, ta shigo aron turmi. Maƙwabciyarmu ce, haifaffiyar unguwar Nuzla, kakanninta da ƙafa suka zo daga Kano, Hausarta rabi da rabi. Ta kalli kalandar ta taɓe baki.

"Wannan ne Meziko? Irin farashar nan akwai ta a wadi, bayan Bahra. Katir, katir. Har rana ba kya gani."

Farasha shi ne malam-buɗe-littafi, wadi busasshen rafi, katir kuma da yawa, Bahra kuwa gari ne a hanyar Makka. Ni kuwa na kama maganar da hannu biyu. Na ƙudura zan kai yarinyar nan, a ɗauke ta hoto cikin abin mamaki, in sa a ambulan tare da "a yi haƙuri", Inna ta gani da idonta cewa jikarta ba ta rasa komai ba.

Neman hutun ma aiki ne. Ƙaramin asibitin da nake aiki mustausaf suke ce masa. Shekara na yi ina cewa "mustasaf" suna dariya. Na sami likitan da ke shugabantarmu a ofis.

"Alhamis? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Dakta. 'Yata zan kai kallon farasha."

Ya zare tabarau ya dube ni. "Sista, farasha na zuwa kan fitilar ƙofar nan kullum, kyauta."

"Wata huɗu ban huta Alhamis ba."

"Bukra."

Bukrar nan mako biyu ta yi.

Kun san ni da tsari. Na rubuta komai a takarda: iƙama ta kowa, wato katin izinin zama, abinci, bandeji da maganin ciwo, jarkar ruwa babba. Na sa Baban Ummi ya karɓo takardar fita daga wurin kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, duk da an ce Bahra ba ta kai inda ake tambaya ba. Muka tashi ƙarfe bakwai, Hala a baya tare da Ummi, ta rungume 'yar galan ɗinta ta zamzam da ba ta tafiya ko'ina sai da ita.

Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, awa huɗu ta ci. Ashe Hala rabonta da wurin tun tana budurwa. "Yamin," in ji ta, mu yi dama. "A'a, yasar." Mu yi hagu. "Da akwai wata bishiya a nan." Baban Ummi ya ce, "Hala, bishiyar ta yi Hijira ne?" Sau biyu muna wuce mai rumfar kankana ɗaya, a na uku har ya ɗaga mana hannu. Daga nan mota ta fara hayaƙi. Kafin in buɗe baki, Baban Ummi ya juye jarkata kaf a lagireto.

"Ruwan shan ne fa."

"In mota ta mutu a nan, ke za ki goya mu?"

Wajen sha ɗaya Hala ta buga kujera ta ce mun iso. Na fito, na gyara abaya, na duba. Busasshen rafi ne, yashi da duwatsu, da tsofaffin tayoyi biyu. Sai kuma wasu tsirrai masu faɗin ganye, fari-fari, jere a gefen yashin.

Tumfafiya ce. Tumfafiyar da ke kan kowane juji a Funtuwa, wadda akuya ma ke ratsewa ta bar ta.

"Hala, nan ne?"

"Nan ne mana. Ga su can."

Gaskiya akwai su. Ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari, kusan irin na kalandar, suna tashi suna sauka a kan furannin. Ba su rufe rana ba. In an matsa, za su kai talatin. Irinsu muke kora da kara muna yara. Baban Ummi ya jingina da mota yana dariya har da riƙe ciki, ya ce da ya sani da ya sa an aiko mana da su a buhu. Ni ban yi dariya ba. Ina tunanin wane hoto zan aika wa Inna, na jikarta a tsaye cikin tumfafiya.

Ummi kuwa ba ta san an yi asara ba. Ta ruga cikinsu tana juyi, tana kiran kowa ya zo ya gani. Na juya ina shimfiɗa tabarma ina mita, ban kula ba ashe ta samo tsutsa mai zane a bayan ganye, ta karyo ganyen don ta sa a kwalba ta tafi da ita gida. Farin ruwan ya zubo mata a yatsu. Ga zufa tana gangarowa. Ta sa hannu ta murza ido.

Kukan da ta yi shi ya juyo da ni. Ina ganin farin ruwan a hannunta na gane.

"Ruwa," na ce.

Baban Ummi ya kalli mota, ya kalle ni. Babu sauran dariya.

Na fizge galan ɗin Hala, na kwantar da Ummi a cinyata, na buɗe idon da yatsa na fara zubawa a hankali, kamar yadda aka koya mana, ba tsayawa. Hala tana kaina.

"Ya binti, zamzam ce fa, kina zubar da ita a ƙasa. Ɗigo uku ya isa."

"Hala, matsa mini daga haske."

Sai da galan ɗin ta ƙare tas. Mun dawo Jidda cikin minti arba'in, hanyar ta miƙe da muka daina tambayar Hala. Kai tsaye mustausaf. Likitan ya duba idon da fitila, ya ce wankin da aka yi da wuri ya taimaka, amma baƙin idon ya kumbura, sai an jira kwanaki a gani. Yana rubuta magani ya ce, "Na ba ki hutu, kin kawo mini aiki." Na karɓi takardar maganin.

Kwana shida idon hagu yana ganin hazo kawai. Kullum da safe ina rufe mata na dama in ɗaga yatsu, ta ce ba ta gani. Ina zuwa aiki ina yi wa 'ya'yan mutane allura, hankalina yana gida. A rana ta bakwai ta ce da Larabci, "Talata." Uku. Uku ne kuwa na ɗaga.

A lokacin ne faɗan da na danne ya fito.

"Ke wace irin yarinya ce? Ina aka taɓa taɓa ruwan tumfafiya a kai ido? Ɗan shekara uku ya san wannan."

Ta dube ni da jan idon nan, ta amsa da Larabci, ba da rashin kunya ba, tambaya take da gaske. "Wa ya gaya mini?"

Na koya mata tsallaka titi, da wanke hannu, da jadawalin lissafin sau tara. Ni kaina ban san wanda ya gaya mini na tumfafiya ba. Ba a zaunar da mu an koya mana ba. Kana tafiya bayan manya ne wani ya buge maka hannu, shi ke nan ka sani. Na fara lissafa sauran abubuwan da ake sani ta wannan hanya, na ga ba su da iyaka, kuma babu ko ɗaya da zan iya rubutawa a takardata.

Wasiƙar layi biyar ce. Na gaida Inna, na ba ta haƙurin jinkiri, na ce in an rufe makaranta zan kawo takwararta da kaina, ta yi shekarar. Na ƙara da cewa a riƙa sa mata gidan sauro. Baban Ummi ya karanta ya ce, "Kin tabbata?" Na ce ban tabbata ba.

Ranar Asabar ya sauke ni a gidan waya kafin aiki. Na liƙa kan sarki, na sa ambulan a bakin akwatin, na tsaya riƙe da gefensa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai da wani dattijo a bayana ya yi gyaran murya.

"Yalla, ya Hajja."

Na saki.