Ladabin da Ya Sa Aka Koro Ni Gida

Ina gaishe ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Yakubu, a unguwar Takur cikin Dutse muke da zama.

Da na gama karatun aikin gona, na samu gurbin koyon aiki a wata gonar tumatir a ƙasar Holan. Mu biyu muka tafi daga Dutse, ni da wani abokina wanda ba zan faɗi sunansa ba. Tun firamare muke tare. Ɗakinmu ɗaya a can, tukunyarmu ɗaya. Kuka da daddawar da Mama ta ƙulla mini ma tare muka cinye su. Da sassafe mu hau keke, sanyi na ƙamar da yatsu, mu wuni a rumfar gilashi muna ɗaure tumatir. Ma'aikata suna kiran mai gonar da sunansa gatsal, ni kuwa bakina ya ƙi, Maigida nake ce masa.

Wata rana abokina ya zuba taki a ruwan shuka ya wuce ƙima. Layi-layi tumatir ya ƙone. Mu biyu ne kaɗai a rumfar, kuma a gabana ya zuba.

Maigida ya kira mu yana ta faɗa. Na yi abin da aka koya wa kowannenmu a gida in babba yana magana: na sunkuyar da kai, na yi shiru. Jira nake abokina ya faɗi gaskiya da bakinsa, don ba zan tona masa asiri a gaban bare ba. Ashe a can, wanda ya kasa kallon idonka shi ne mara gaskiya. Maigida ya tambayi abokina me ya sa na ƙi ɗagowa. Abokina ya dube shi ido cikin ido ya ce, "A garinmu ma haka mai laifi yake yi."

Jama'a, ya san ƙarya ce! Ya san ladabi ne! Da na buɗe baki daga baya, babu mai saurarona. Aka sallamo ni ba takardar shaida. Abokin nawa ne ya riƙe mini jaka har tashar jirgin ƙasa, ko "yi haƙuri" bai ce ba.

Na dawo da baƙin ciki fal cikina. Abinci ya ƙi shiga, gyambon ciki ya kama ni, na daina zuwa sujada. Wanda ya tambaya sai in ce sanyi ne bai karɓe ni ba. Gaskiya na tsani abokin nan nawa. Abu ɗaya nake so: in je gidansu in zayyane wa mahaifiyarsa irin ɗan da ta haifa, ta ji abin da tawa uwar take ji.

Ranar da na shirya, Mama ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce ba za ta hana ni ba, amma mu durƙusa tukuna. Na fara Addu'ar Ubangiji, da na zo wajen gafara sai harshena ya maƙale. Na fashe da kuka na ce, "Yesu, ni ba zan iya ba. In kana so in yafe, sai dai ka yi da kanka." Nan take wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Ranar na cinye tuwona tas. Haleluya!

Ban je ba, sai ga mahaifiyar tasa ta zo duba ni da kanta. Ta riƙe hannuna tana ta godiya, wai na kula mata da ɗa a ƙasar mutane. Ta ce, "Yaya ka baro ɗan'uwanka?"

Na ce, "Lafiya lau, Mama. Yana aikinsa." Ta tafi da murnarta.

Har yau bai kira ni ba, takardar ma ba ni da ita, kuma in na tuna yana yi mini ciwo. Amma ciki ya warke, kuma ina iya ambaton sunansa a addu'a. Na gode wa Ubangiji. Kai da aka ci amanarka, kawo masa damuwarka yadda take, zai iya abin da ka kasa. Amin.