Taken Iliyasu Bahago

A tashar Kura, Rauda na jiran a loda albasarta, sai wani tsoho ya zauna gefe, rungume da ganga cikin buhun shinkafa.

"Baba, biki za a je?"

"Abuja, 'yata. Wai gwamnati za ta rataya mini lambar girmamawa. Shekara hamsin ina yi wa manoma kiɗan gayya, sai da tarakta ta kore ni aka tuna da ni."

"Ai abin murna ne."

"Da wa zan yi murnar? Waɗanda na kaɗa wa duk sun kwanta dama."

"Babana ma yana da take, in ji innata. Iliyasu na Bunkure. Ina goye ya rasu, ban taɓa jin taken ba."

Tsohon ya ƙura mata ido. "Iliyasu bahago?"

"Shi."

"Allah ya jiƙansa." Ya kwance buhun, ya fara taɓa fatar da yatsu a hankali. Rauda ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Kano, saura mutum ɗaya!" in ji ɗan kamasho.

"Baba, motarka za ta tashi."

"Ta tashi mana. Ba a yanke wa manomi take bai kai ƙarshen kunya ba."