Ramin Ƙasa da Ramin Sama

A benci, gaban wani shagon gyara kusa da Petit Marché, wata ɗaliba, Zinariya, na rungume da akwatin ordinatarta, wato kwamfuta. Gefenta wani dattijo direban taksi na jiran wayarsa.

"Ƴata, me ya same ta?"

"Sabon katin hoto na sa mata, Baba. Da shi zan nuna wa malamai zanen gidajena jibi a jarrabawa. Kwana uku ina gwada saurinsa, maki dubu tara ya kamata ya ba da, ya kafe a dubu shida. Mai shagon da ya sayar mini da shi ya ce wai ban iya ba. Ba zan tashi ba sai ya canza mini!"

"Kati da maki? Shi ma jarrabawar yake yi?"

"Gwaji ne. Ramukan sa kati biyu ne a akwatin, har a ramin ƙasa na sa shi don ya sha iska, kar zafin Yamai ya ƙona shi."

"To, ramukan duk ɗaya ne?"

"A'a, na sama hanya goma sha shida gare shi, na ƙasa kuwa huɗu..." Sai ta dafe kai: ashe ita ta matse katin a ƙaramar hanya.

"Hanyoyi cikin akwati? Ni fa na ɓata."

Ta leƙa shagon, ta rage murya.

"Baba, akwai turnabis a motarka, in kwance katin in mai da shi ramin sama? Amma kar mai shagon ya ji."